Filin Tambaya da Amsa: Su wa za ka ɗauka in aka ce ka haɗa ƙungiyar rok?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Gwallameji nan Bauchi. Mu uku ne a ɗaki masu jin kiɗan rok, kuma kusan kullum da daddare in an ɗauke wuta sai gardama ta kaure, wai da za a ba mutum dama ya haɗa ƙungiya guda cikin duk makaɗan rok na duniya, na raye da waɗanda suka riga mu, su wa zai ɗauka. Ga nawa: Freddie Mercury ya riƙe waƙa, Jimi Hendrix da Eric Clapton da Slash a jita, John Bonham a ganga. Abokaina sun ce wai ba za ta yi ba. Don Allah ka raba mu, kuma ka faɗa mana naka.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kunnenka na da kyau, duk wanda ka lissafo gwani ne na gaske, amma a wannan karon abokanka sun fi ka gaskiya. Ka sake duba jerin nan naka, ina mai jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya da ke riƙe ƙasan kiɗa? Babu. Ka tara manyan masu jita har uku, kowannensu ya saba in an zo tsakiyar waƙa shi ake buɗe wa fili ya yi ta jan tsirkiya minti biyu ko uku, to su ukun nan wa zai haƙura ya tsaya baya yana riƙe wa ɗan'uwansa kiɗa? Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kai kuma har uku ka naɗa.

Kuma an taɓa gwada irin wannan a zahiri. A 1966 Eric Clapton ɗin da ka zaɓa ya haɗu da Jack Bruce mai bes da Ginger Baker mai ganga suka kafa ƙungiyar Cream, kowa a lokacin ya yarda su ne zakarun Ingila a fanninsu. Kiɗan ya yi daɗi ba ƙarya, sai dai Baker da Bruce tun kafin nan ba sa ga maciji da juna, a kan dandamali ma kowa ƙoƙari yake ƙararsa ta danne ta ɗan'uwansa, zuwa Nuwamba 1968 sun yi wasan bankwana a Royal Albert Hall da ke Landan kowa ya kama gabansa. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan. Clapton da Baker suka sake haɗa wata, Blind Faith, a 1969, ita ko albam ɗaya tal ta fitar ta watse.

Ni in zan haɗa tawa daga baya nake farawa, daga ganga da bes, don su ne ƙasan da sauran suke takawa. Bonham ɗinka na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma ba zan ɗauke shi shi kaɗai ba, sai da John Paul Jones mai bes, wanda suka yi ƙungiyar Led Zeppelin tare daga 1968 har rasuwar Bonham a 1980. Ka sa iyafis ka saurari kowace waƙarsu ka manta da mawaƙin da mai jita, ka bi ƙafar Bonham kawai a kan babbar gangar ƙasa, za ka ji bes ɗin Jones na sauka daidai inda ƙafar ta sauka, wani lokaci kuma da gangan yake barin gurbi ya yi shiru don dukan gangar ya fito shi kaɗai. Bonham yana da wata ɗabi'a ta ɗan jinkirta duka kaɗan, kamar zai makara amma ba ya makara, shi ya sa kiɗan yake da nauyi a ƙirji. Wannan fahimtar juna ba a samunta a rana ɗaya. Da ya rasu ma sauran ukun ba su nemi wani mai ganga ba, a Disambar shekarar suka sanar da cewa ƙungiyar ta ƙare. Sannan Jones yana kaɗa piyano da ogan, ka ga mutum ɗaya aikin biyu, kuma ba mai son a gan shi ba ne.

A jita Hendrix kaɗai zan bari. Bahago ne, jitar 'yan dama ya juya ya sake ɗaura mata tsirkiya, kuma abin da mutane ke mantawa shi ne kafin ya yi suna ya daɗe yana kiɗa a bayan wasu mawaƙa irin su Little Richard da Isley Brothers, don haka ya san yadda ake raka mai waƙa ba tare da an rufe masa murya ba. Yana iya riƙe kiɗan ƙasa da babban yatsa yana kuma zuba ƙananan ado da sauran yatsun a lokaci guda, wallahi sai ka rantse mutum biyu ne. Ya rasu a Landan a Satumban 1970 yana da shekara 27. In yana nan, Clapton da Slash su yi haƙuri su zauna cikin 'yan kallo.

Freddie kuwa ba ni da ja. Haifaffen Zanzibar ne a 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara. Ka nemi bidiyon wasan Live Aid na 13 ga Yuli 1985 a filin wasan Wembley da ke Landan, minti ashirin da ɗan kai aka ba ƙungiyarsa ta Queen, ka ga yadda ya tsaya shi kaɗai babu kiɗa yana jefa wa mutum dubu 72 murya suna amsa masa. Duk wanda ya taɓa jin yadda Shata ke bayarwa 'yan amshi suna karɓa ba sai an yi masa bayanin abin da ke faruwa a wurin nan ba. To mutum huɗu ke nan, kuma a nan zan tsaya, na biyar cikas zai kawo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni daga Yelwa nake rubutowa. Na lura duk lokacin da ake irin wannan lissafi na gwanayen rok maza ne zalla, kuma daga Turai da Amurka. Mata ba sa kiɗan ne, ko mu a Afirka ba mu da kowa?

AMSA: Hajiya na ji daɗin tambayar nan sosai, kuma ƙorafinki a kan hanya yake. Tun kafin a san Elvis Presley akwai wata baƙar fata 'yar Amurka, Sister Rosetta Tharpe, da take kaɗa jitar lantarki a shekarun 1940 da irin salon da daga baya aka kira rok, amma sai 2018 aka sa sunanta a zauren karrama 'yan rok na Amurka, shekara 45 bayan rasuwarta. Akwai Carol Kaye da ta kaɗa bes a dubban waƙoƙi a situdiyoyin Los Angeles, da Tina Weymouth ta Talking Heads, ga kuma Tina Turner a murya. Nan kusa da mu a Nijar akwai Fatou Seidi Ghali, Buzuwa mai jita, ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad.

Batun Afirka kuma, su kansu manyan nan sun san hanyar Legas. Ginger Baker da na ambata a sama ya ratso Sahara da mota ya zo ya zauna a Legas farkon shekarun 1970, ya yi kiɗa da Fela Kuti har suka fitar da albam tare a 1971, ya kuma buɗe situdiyo a can. Paul McCartney na ƙungiyar The Beatles ma a Legas ya ɗauki albam ɗinsa na 1973. A wancan zamanin muna da namu 'yan rok irin su BLO da Funkees da Ofege, su Ofege ma 'yan makarantar sakandare ne lokacin da suka fara.

In za a ba ni dama ta biyu, ga ƙungiyar da ta fi kwanta mini a rai ma fiye da ta farko: Tony Allen a ganga, Tina Weymouth a bes, Mdou Moctar a babbar jita, Fatou tana riƙe masa ƙasa, Tina Turner a gaba. Tony Allen shi ne mai gangar Fela, ya rasu a Paris a 2020, hannunsa ba nauyi kamar na Bonham amma gaɓoɓinsa huɗu kowanne abinsa daban yake faɗa, kuma ya riga ya zauna da 'yan rok, ya yi ƙungiya da Damon Albarn da Paul Simonon na The Clash suka fitar da albam a 2007. Shi ko Mdou Moctar Buzu ne ɗan Nijar, bahago ne shi ma kamar Hendrix, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa da wayar birkin keke, albam ɗinsa na farko a Sakkwato ya ɗauka a 2008, kuma ta mimori da bulutut waƙoƙinsa suka fara yawo daga waya zuwa waya kafin Turawa su san da shi.

TAMBAYA: Yallaɓai ni makaɗin kalangu ne a gidajen biki, daga wajen Wunti. Yarana suna cewa kalangu ba zai shiga irin wannan kiɗa na jita ba. Haka ne?

AMSA: Zai shiga Malam, kuma kai ka fi ni sanin dalili. In ka matse kalangu a hammata igiyoyin suka ja fata murya ta hau, ka saki ta sauka, abin da mai jita ke nema ke nan in ya tura tsirkiya sama da yatsa. Matsalar guda ce, ƙara. Kalangu ba zai iya ja da amfilifaya ba, don haka sai an sa masa maik nasa kusa da fatar, kuma mai gangar Turawa ya rage dukan faifan ƙarfen nan da ke cika kunne. Ku fara da kai da mai bes kawai, ya riƙe zagaye ɗaya yana maimaitawa kai kana magana a kai, in kun daidaita sannan mai jita ya shigo, ku riƙa ba juna, kai ka faɗa shi ya amsa.