Lambobinka Suna Nan, Layin Da Ka Bari A Gida Ne Abin Tsoro

Wasiƙar wannan makon daga Jidda ta fito. Ga ta a taƙaice:

"Malam, shekarata uku ina aiki a shagon kayan gini a Jidda, igamata (katin izinin zama a Saudiyya) lafiya lau. Sati biyu ke nan wayata ta faɗo daga kan tsani, gilashin ya mutu. Na sayi sabuwa, amma babu lamba ko ɗaya: ta Hajiyarmu, ta wanda ya sayar mini da fili a gida, ta shaidun cinikin, duk sun tafi. Ta yayana kaɗai na haddace. WhatsApp ɗina a kan layin Najeriya yake, na bar wa ƙanena layin, yanzu an ce ya ɓata. Yaya ya ce in turo naira dubu 80, akwai wanda zai ciro shi ta bayan fage. A nan kuma wani mai gyara ya ce in ba shi riyal 300 da kalmar sirrin Gmail da hoton igama, zai dawo da komai. A gida ana cewa na samu duniya na daina kira. Ko barci ba na iya yi."

Ƙanena, sannu da wannan ɗawainiya. Kafin komai, kada ka ba mai gyaran nan ko ɗaya daga cikin abubuwa ukun da ya nema, kada kuma ka tura dubu tamanin ɗin. Ajiye kuɗinka mu yi magana.

Wayar da gilashinta ya mutu ba ta mutu ba. Idan ka jona ta a caji ka ji ta yi ɗumi, ko ta yi ƙara, ko ta girgiza, to cikinta da rai, kuma duk lambar da ka ajiye a kan wayar tana nan yadda ka bar ta. Aikinta canjin gilashi ne kawai, kuma canjin gilashi ba ya buƙatar Gmail, balle igama. Ka kai ta wani shago daban, ka cire sim da katin memori, ka ja kujera ka zauna a sa gilashin a gabanka. Kalma ɗaya ce idan ka ji ta ka miƙe da wayarka: filashin. Wanda ya yi wa waya filashin ya share ta ne tas, babu gwanin da zai dawo da abin da ke ciki bayan nan.

Mai yiwuwa ma ba sai an kai ga haka ba. Yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, suna tura lambobi cikin asusun Google muddin a can aka zaɓi ajiye su. Buɗe burauza a sabuwar wayarka, rubuta contacts.google.com, ka shiga da tsohon Gmail ɗinka. Ka lura, tsohon, ba wanda mai shago ya buɗe maka ranar da ka sayi sabuwar ba. Nan ne mutanenmu da yawa suke tuntuɓe: duk sabuwar waya sabon Gmail, har mutum ya tara huɗu bai san na wane ne ke riƙe da lambobinsa ba. Idan ka shiga ka ga wayam, duba kwandon shara na shafin, domin lambar da aka goge tana kwana 30 a ciki. A saitin shafin akwai kuma wurin janye canje-canje, wanda ke mayar da jerin yadda yake a baya, shi ma iyakarsa kwana 30. Ka riga ka ci 14, saboda haka yau za ka duba, ba Juma'a ba.

Idan kalmar sirrin ta shige maka, Google yana da shafin neman asusu, kyauta. Zai tambaye ka ta ƙarshe da kake tunawa, ya nemi tura lambar tabbatarwa zuwa layin da aka saka ranar buɗe asusun. Idan a Kano ka sayi tsohuwar wayar kafin ka taso, a ce a Farm Centre, kusan tabbas layin Najeriyar nan aka saka. Ka ga yanzu inda gizo ke saƙar.

Wannan layin ba na gaisuwa ba ne kawai. Shi ne mabuɗin Gmail ɗinka, shi ne mabuɗin WhatsApp, kuma ina kyautata zaton shi ke jikin BVN ɗinka, wato duk riyal ɗin da ka canza ya shiga asusunka, saƙon banki a hannun mai riƙe da layin yake sauka. Ba na ce ƙanenka ɓarawo ne ba, ban san shi ba. Amma na sha ganin ɗan ci-rani yana mamakin yadda buƙatun gida ke tasowa daidai ranar da kuɗi ya shiga, alhali shi da hannunsa ya bar musu madubin aljihunsa.

Gwada abu biyu, ba su cin ko riyal biyar. Kira layin da kanka sau uku a lokuta daban-daban. Layin da ya ɓata da gaske ba ya ringin da daddare a ɗauka a kashe. Sannan ka karɓi wayar wani abokin aikinka da ke da lambarka, ka buɗe WhatsApp ɗinka daga wajensa. Hotonka ne har yanzu? An ga mai lambar a kan layi jiya? Idan hoton ya canza, wani ya hau kujerarka, kuma lallai ka aika wa duk wanda ka iya cewa kada a tura wa wannan lambar kuɗi da sunanka.

Idan sim ɗin yana nan, magana ta ƙare: ka saka lambar a WhatsApp na sabuwar waya, saƙo mai lamba shida ya je wa ƙanenka, ya karanto maka kana kan layi. Guruf-guruf ɗinka za su dawo da kansu, na 'yan unguwa, na 'yan ajinku, na dangi, kuma lambobin mutanen ciki suna bayyane. Tsofaffin hirarraki kuwa sai da wannan layin da wancan tsohon Gmail tare, idan dama kana ajiya a Google Drive. Idan ka tarar wani ya saka wa asusun makullin sirri na biyu, jiran kwana bakwai ne, ba na biyan kowa ba. Da ka shiga, ka saka naka makullin, sannan ka yi amfani da tsarin canza lamba ka mayar da WhatsApp ɗin kan layinka na Saudiyya, wanda ke cikin aljihunka.

Idan kuwa da gaske ya ɓata, lokaci yana tafiya amma bai ƙure ba. A ƙa'idar NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, layin da ya yi wata shida ba a yi hulɗar kuɗi da shi ba ana rufe shi, bayan wasu wata shidan kuma kamfani na iya sayar wa wani. WhatsApp kuma yakan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a buɗe ba. Ka rubuta wa kamfanin layin da kanka ta shafinsa, ka tambayi sharuɗɗan yin walkam-bak, wato sake ciro layin da ya ɓata, ga wanda ke ƙasar waje. Ka tuntuɓi bankinka ta manhajarsa a rufe cire kuɗi ta lambobin dannawa, a mayar da saƙonni kan imel.

Shi kuma mutumin bayan fage, yi tunani kaɗan. Da NIN ɗinka aka yi wa layin rajista. Wanda ya iya ciro shi ba tare da kai ba a yau saboda dubu 80, zai iya ciro shi gobe saboda wanda ya ba shi dubu ɗari. Na san wani direba a Riyad da aka yi wa irin wannan taimako. Layin ya fito, sai dai bai taɓa isa hannun 'yan gidansu ba, kuɗin aurensa da ke banki ne suka fita cikin dare ɗaya.

Na Jidda ya fi ba ni tsoro. Me ya haɗa hoton igama da lambobin waya? Babu. Amma igama da Gmail a hannu ɗaya, rabin hanya ce zuwa Absher ɗinka, asusunka na hidimomin gwamnatin Saudiyya. Sauran rabin shi ne a kira ka da murya mai daɗi a ce ka karanto lambar da ta shigo, ko ka danna amincewa a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da cewa kai ne. Wani ɗan'uwanmu ya danna don a gyara masa waya, daga baya ya tarar da layuka da sunansa waɗanda bai taɓa gani ba. A ƙasar da ake tuhumar mai sunan da ke jikin layi, wannan ba ƙaramar fitina ba ce ga baƙo.

Maganar fili kuwa, lambar mai sayarwa ba ita ke riƙe maka fili ba, takardar ciniki ce. Idan ka taɓa ɗaukar hotonta, duba Google Photos bayan ka shiga tsohon asusun. Shaidu kuma mai unguwa ya san gidajensu.

Saura gorin da ake yi maka. A nan ina bayanka. Mutumin da ya yi shekara uku yana hawa tsani a zafin Jidda yana aike gida, bai cancanci a ce ya samu duniya saboda shirun sati biyu ba. Yayanka ya san lambarsa kaɗai ka riƙe, shi ne ƙofarka ɗaya zuwa gida. Abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya karanto maka lambar Hajiya, ko ya taka ya miƙa mata wayarsa ku gaisa. Bai yi ba, sai ya kawo lissafin dubu 80. Ka girmama shi, yaya ne, kada ka ɗaga masa murya, kada ka zarge shi da abin da ba ka gani ba. Ka ce masa kawai: "Yaya, maganar layi na bar ta a hannun kamfani. Yau bayan Magariba ina so ka haɗa ni da Hajiya." Idan ya ce ba ya kusa, ka nemi lambar maƙwabcinku ko ta limamin unguwa daga wani ɗan garinku a nan Jidda, ba za ka rasa ba. Ka gaya mata da bakinka cewa waya ce ta fashe, ka sa ta kira jikanta ya karanto maka lambarta a hankali, ka rubuta da biro a bayan kwafin fasfonka.