Amsa: Akwai tauraron teku a dam ɗin Tiga?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masunta za su iya kamo tauraron teku, wata dabba mai siffar tauraro, a Tiga ko kogin Haɗejiya. Ba za su samu ba. Shi da danginsa, kusan iri 7,000, sai a ruwan gishiri suke rayuwa.

A cikinsu wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce kokwambar teku. Dabba ce, amma kamar gurji take, jiki laushi. Akwai ta har zurfin da ya haura mita 10,000 a ramin Mariyana na tekun Fasifik, inda hasken rana bai taɓa leƙawa ba. Ɓurɓushin matattun halittu yana gangaro mata daga sama kamar ƙaiƙayi ranar sheƙa. Sai ta haɗiyi lakar ƙasan tekun, ta tsotse abincin, ta fitar da saura, yadda tana take yi a fadamarmu ta Ringim.