Malam, me ya sa aka soke mini "informations"?

Tambaya: Malam, ina shirin zana jarrabawar WAEC, kuma hankalina a tashe yake. A gwajin da muka yi na rubuta informations da advices, malamarmu ta zagaye su da jan biro. Amma mai koya mana lesin ya ce duk abin da za a iya ƙirgawa ana ƙara masa s. Wa zan bi?

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yata, malamarki ce da gaskiya. Ki rubuta information da advice haka nan. In guda ɗaya kike nufi, sai ki ce a piece of advice.

Wannan magana ta mai lesin ɗinku kuwa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na gamu da ita a takardun yara. Wai duk abin da hannu zai ƙirga countable ne, wato sunansa na karɓar jam'i. Wa ya faɗa? Akwai abin da ake ƙirgawa a kasuwa kamar kuɗi? Amma money uncountable ne, shi ya sa ake cewa how much money, ba how many ba. Shiga falonku ki ƙirga kujeru shida: six chairs daidai ne, six furnitures kuskure ne, alhali kujerun nan dai su ne. Hukuncin yana kan kalmar ne da yadda masu harshen suke amfani da ita, ba a kan abin da ido ke gani ba.

Abin da ke jan mu shi ne Hausa ta ba mu shawarwari, bayanai da kayayyaki, sai yaro ya ɗauko jam'in ya jibga wa Turanci: equipments, luggages, evidences. Yaro yana da uzuri. Wanda ba shi da uzuri shi ne mai karɓar kuɗin iyaye duk wata, bai taɓa buɗe ƙamus ba, yana haddatar da yara dokar da ya tsinta a Facebook. Daga nan kuskuren ya bi su har takardar neman aiki, a ajiye ta gefe ba wanda zai gaya musu dalili. Wannan cin amana ne.

Ki kula da news: akwai s a ƙarshe, amma the news is good ake cewa. Wasu kalmomin kuma baki biyu gare su. Paper takarda ce, a paper na iya zama jarida ko takardar jarrabawa. Experience ƙwarewa ce, experiences kuma abubuwan da suka faru da mutum.

Ki nemi ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's. A gefen kalma za ki ga harafin U (uncountable) ko C (countable). Inda kika ga U kaɗai, kada ki sa s, kada ki sa a ko an, kuma much da little ne abokan tafiyarsa. Ki ware shafi a bayan littafinki, ki riƙa tara su da jimla ɗai-ɗai kafin ranar jarrabawa. Allah Ya ba da sa'a.