Lambar jarumta ga 'yan sanda: tana da amfani kuwa?

Malam, ka tambaya ko lambar jarumtar da ake maƙala wa ɗan sanda tana tsinana masa wani abu, ko dai ado ce kawai. Tana da amfani, amma ba ta isa ba.

Ana rubuta yabon a fayil ɗinsa na aiki, kuma yakan taimaka idan Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta zo duba ƙarin girma. A 2024, zamanin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, an yi bikin karrama jami'ai a Abuja.

Mu a nan Bauchi mun san abin da ake nufi da jarumta. Wanda aka tura dazukan Alƙaleri ko na Lame-Burra ya fuskanci masu garkuwa da mutane, bai san ko zai kwana gida ba. Maƙwabcina kofur ne. Na taɓa ganin ya dawo da asuba, takalminsa duk taɓo, hannunsa na rawa har ya kasa riƙe kofin shayi, matarsa na tsaye bakin zaure tun dare. Wallahi irin wannan ya cancanci a kira sunansa a gaban jama'a.

Abin da ke damuna shi ne yadda ƙananan jami'ai, waɗanda su ke shan harsashin, sukan faɗo ƙasan jerin waɗanda ake karramawa. Kuma wanda ya rasu, iyalinsa kuɗin inshora da na makarantar yara suke jira, a biya su kan lokaci.