Amsa ga ɗan'uwa mai suga da raunin gaba

Ɗan'uwa da ka ce ciwon suga ya kai ka shekara 6, yanzu gaba ba ya tashi, ka sha Viagra ma shiru, kana tambaya ko shi ke nan, wallahi kamar labarina ka rubuta.

Ni abin da ya fi ci min rai ma ba ciwon ba ne, wani ne da na yarda da shi ya ba ni magani a kwalba, ya rantse ganye ne zalla, ashe ƙwayar Viagra ya niƙa ya zuba ciki, ni kuma ina kan maganin ciwon ƙirji irin na naitiret. Daren nan ba zan manta ba, na miƙe zan shiga bayi sai duniya ta juya min, na zube, matata tana kuka tana yayyafa min ruwa, ita da dama ta yi wata 2 tana zaton na daina sonta ne. A asibiti aka ce jinina ya yi mugun sauka. Da na kira mutumin nan cewa ya yi wai jikina ne ba ƙwari. Ko sannu babu! Har yau in na tuna muryarsa raina ɓaci yake.

Likita ne ya zaunar da ni ya warware min. Wata iska ce jiki ke yi, naitirik oksaid, in sha'awa ta motsa sai jijiyoyin saƙo da bangon jijiyoyin jini su sake ta, ta sa a samar da wani sinadari mai suna cGMP, tsokar cikin gaba ta saki, jini ya cika. Viagra ba ta samar da iskar, kawai tana hana wani sinadari ne aiki, PDE5, wanda ke rusa cGMP ɗin. To in suga ya cinye jijiyoyin, iskar ta yi kaɗan, me ƙwayar za ta riƙe? Naitiret kuwa ƙara iskar yake, in aka haɗa shi da Viagra sai jini ya yi mugun sauka, kamar yadda ya faru da ni. Masana kimiyya su Furchgott, Ignarro da Murad kan iskar nan suka ci lambar yabo ta Nobel a 1998, shekarar da Viagra ta fito a Amurka. 

Ka sauke suganka tukuna, in kana busa sigari ka yar, ka riƙa tafiyar ƙafa. Ƙwayar ma kamar awa 1 kafin ake sha, ba bayan abinci mai maiƙo ba, kuma sai da sha'awa. Don Allah a duba maka zuciya, don jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara toshewa. Kuma ka faɗa wa iyalinka, ni shirun da na yi ne ya kusa kashe min aure. Wane maganin hawan jini kake sha? Wasu ma suna jawo raunin gaba, ka tambayi likitanka, kar dai ka daina sha da kanka.