Tambaya da Amsa: Tsiron da ya fito a tsagar dutse

Tambaya: Ina karatu a Turkiyya, kuma a wata fita da muka yi zuwa tsaunuka na ga wani gajeren tsiro a tsagar dutse, mai ƙananan ganyaye a jere da fure ruwan hoda irin na wake. An ce mini Astragalus ne. Ta yaya zan gane ainihin nau'insa?

Amsa: Malam, ka ɗauko aiki babba, domin Astragalus yana da nau'o'i kusan 3,000, kuma babu wani jinsin tsiro mai fure da ya kai shi yawa. Ƙasar Iran kaɗai tana da fiye da 800, Turkiyya ma tana da ɗaruruwa.

Ka fara tabbatar da jinsin. Idan ƙarshen ganyen yana da zare mai naɗewa a jikin wani abu, to wataƙila Vicia ka gani, wani jinsi daban na dangin wake. Sannan ka duba ɓangaren furen na ƙasa, wanda ya yi kama da ƙaramin kwalekwale: idan bakinsa ya fito da tsini, Oxytropis ne, ɗan'uwan da ake yawan rikita su.

Furen, duk da kyansa, ba ya raba gardama, saboda nau'o'i masu yawa launinsu ɗaya. Kwanson da ke ɗauke da iri ne shaida. Wani a kumbure yake kamar an hura masa iska, wani siriri ne a lanƙwashe, wani kuma idan aka yanka shi a tsakiya za a ga bango ya raba cikinsa gida biyu. Ka sa gilashin ƙara girma ka dubi gashin ganyen, domin a wasu nau'o'in gashin yana manne ta gindinsa, a wasu kuma ta tsakiyarsa, kuma masana suna dogara da wannan bambanci ƙwarai. In tsiron ya dunƙule kamar matashi mai ƙaya, yana iya zama cikin rukunin da ake samun ƙaro a jikinsu, irin su Astragalus gummifer.

Wurin ma ka rubuta shi: irin dutsen, tsayin tsaunin, da inda gangaren ya fuskanta. Doguwar saiwar tsiron tana ratsa tsaga ta kai ga danshi, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a saiwar kuma suna samar masa da sinadarin naitirojin, shi ya sa yake rayuwa a tsakuwar da ta gagari sauran tsirrai. Wasu nau'o'in ba sa fita sai a kan dutsen farar ƙasa.

Shawarata ita ce kada ka tumɓuke shi, don wasu a tsauni guda kawai ake samunsu. Ka ɗauki hoto yanzu, ka koma bayan 'yan makonni lokacin da kwanson ya nuna, sannan ka kai hotunan sashen nazarin tsirrai na jami'arku.