Na matse shi, amma muka tashi kunnen doki

Tambaya: Malam, barka da aiki. A gasar ches da muka buga kwanan baya na matse abokin karawata. Dokina ya zauna daram a tsakiya, shi kuma yana da soja guda da ya rabu da 'yan'uwansa. Na tara masa kaya a kai, shi ma ya tara nasa yana tsaro, ƙarshe muka yi kunnen doki. A ina na kuskure?
Ɗalibi daga Fagge

Amsa: Ƙanena, ƙofa ɗaya ka tsaya kana turawa, shi kuwa ya tara mutanen gidan duka a bayanta. Rauni ɗaya yana tsaruwa har a tashi. Buɗe masa na biyu can nesa da na farko, don taura biyu ba ta taunuwa.

A ce sojan nan yana ɓangaren sarauniya. Bar ruk ɗinka biyu, kayan nan masu tafiya a miƙe, su zura masa ido, kada ka janye su. Sai ka fara tura sojojinka na ɓangaren sarki, taki ɗaya bayan ɗaya. Kayanka suna da filin juyawa, nasa kuwa sun maƙale kamar adaidaita sahu a cunkoson Kantin Kwari. Kafin su iso ceto, ka riga ka fasa.

Wajen musaya, ba da abin da ba ya maka aiki ka karɓi mai tsaronsa. Dokin nan kuwa kada ka sake shi. Kuma ka guji a rage ku da bishof ɗai-ɗai, wato masu tafiya a karkace, naka a farin gida nasa a baƙi, yawanci canjaras ake yi ko da ka fi shi soja.

Ni ma gaggawa ta taɓa cina. Magariba ta gabato, yunwa na damuna, na sadaukar da ruk don in gama da wuri, wani yaro ɗan sakandare ya lashe ni tas. Tun daga ranar, kafin in taɓa komai sai na tambayi kaina: me abokin karawata yake so ya yi? In toshe wannan tukuna. Da haka Karpov, zakaran duniya daga 1975 zuwa 1985, yake shaƙe mutane. Carlsen ma, zakaran duniya na lokacin, sai da ya yi taki 136 kafin ya kayar da Nepomniachtchi a wasa na shida na gasar kambun duniya a Dubai, 2021.

In agogo ya matsa maka, kana iya maimaita taki ka samu numfashi. Amma ka ƙirga: tsari ɗaya ya bayyana sau uku, abokin karawarka yana da ikon kiran alƙalin wasa ya nemi canjaras.